Jakada a Yamai, jakada a Abuja: tarihin wakilci tsakanin Najeriya da Nijar

A ranar 3 ga Agustan 2023, ranar da Nijar ta cika shekara 63 da samun 'yancin kai, abubuwa biyu suka faru a Yamai cikin 'yan sa'o'i. Tawagar da ƙungiyar ECOWAS ta aiko a ƙarƙashin tsohon shugaban Najeriya, Janar Abdulsalami Abubakar, tare da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, ta sauka a filin jirgin sama, ta gana da wasu hafsoshi a nan, ta juya ba tare da ta ga jagoran sojojin da suka yi juyin mulki, Janar Abdourahamane Tiani, ko hamɓararren shugaba Mohamed Bazoum ba. A daren kuma sojojin suka sanar a talabijin cewa sun kawo ƙarshen aikin jakadun Nijar a ƙasashe huɗu, wato Faransa da Amurka da Togo da Najeriya. Bayan kwana shida sai ga hotunan Muhammadu Sanusi II, wanda a lokacin ba ya kan gadon sarautar Kano kuma ba ya riƙe da muƙamin gwamnati ko ɗaya, yana zaune da Tiani tare da rakiyar Sarkin Damagaram. Ƙofar da aka ja wa masu takardar hukuma ta buɗe wa mai rawani.

Wanda ya yi mamakin wannan bai bi tarihin hulɗar ƙasashen biyu ba. Tun farkon shekarun 1960 akwai jakadanci na hukuma tsakaninsu, da tuta da hatimi da duk abin da ake buƙata, amma mafi nauyin kayan ba a kansa aka saba ɗora shi ba. Shugabanni da sarakuna da malamai da 'yan kasuwa ne suka riƙa ɗauka, ofishin jakadanci yana biye da su da alƙalami.

Ya kamata a fara rarrabe kalmomin, domin a labarai akan cakuɗa su. Jakada a ma'anar yau wakilin shugaban ƙasa ne a wurin wani shugaban ƙasa. Ba a tura shi sai an nemi amincewar ƙasar da za ta karɓe shi, kuma ba ya kama aiki gadan-gadan sai ya miƙa takardun kama aiki. Yarjejeniyar da aka ƙulla a birnin Biyana na Ostiriya a 1961 ita ta tsara wannan, tare da kariyar da jakada da ofishinsa suke da ita, wata kuma ta 1963 ta tsara aikin ƙaramin ofishin jakadanci, wanda ya fi shafar talakawa: fasfo da biza da takardun shaida, da bin sawun ɗan ƙasa idan an tsare shi ko ya rasu a ƙasar waje. Idan babu jakada, wani jami'i yakan yi riƙon ƙwarya, sai dai shi ba ya da takardar shugaban ƙasa a hannunsa, saboda haka mafi yawan maganarsa takan tsaya a ma'aikatar harkokin waje. Nuna ɓacin rai ma hawa-hawa ne. Ana iya kiran wakilin wata ƙasa a yi masa ƙorafi, ana iya janye naka domin tuntuɓa, ana iya korar nasu, a ƙarshe kuma a yanke hulɗa baki ɗaya. Najeriya da Nijar ba su taɓa kaiwa ga hawa na ƙarshe ba. Abin da ya faru a daren 3 ga Agusta, wanda wasu kafofin labarai suka bayar a matsayin yanke hulɗa, sallamar ma'aikatan gida ne: sojoji suka sauke jakadun da suka gada daga gwamnatin Bazoum, ofisoshin kuwa suka ci gaba da zama a buɗe.

Kalmar jakada ta girmi ƙasashen biyu. A tsohon tsarin sarauta hakimi yakan zauna a birni, jakadansa ne ke zuwa ƙauyuka ya isar da umarni ya tattaro haraji, kamar yadda jakadiya ke kai saƙo tsakanin sarki da cikin gida. Tsakanin ƙasa da ƙasa kuwa manzanni ne ke tafiya da wasiƙa cikin Larabci, an buga mata hatimi, tare da kyauta gwargwadon darajar wanda aka aika wa. Fitacciyar musayar wasiƙu ta wancan zamani ita ce ta Muhammadu Bello da Shehu al-Kanemi na Barno a kan halaccin yaƙar Barno da masu jihadi suka yi. Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa Kukawa, fadar Barno. Sarakunan Katsina na Haɓe da jihadi ya kora sun kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri a kusa da su, kuma har yau sarautun biyu suna ɗauke da sunan Katsina da na Gobir. Tsakaninsu da Katsina da Sakkwato an sha yaƙi, an kuma sha ƙulla amana ta wani lokaci domin fatake su wuce. Shi bafatake idan ya iso Kano da gishirin Bilma, fatomansa ne ke sauke shi, ya tsaya masa a ciniki, ya shiga masa idan rigima ta taso, aikin da ba shi da nisa da na ƙaramin jakada a yau. Abin da babu a wancan tsari shi ne wakili mazauni. Manzo yakan je ya isar da saƙo ya dawo, kuma ƙimarsa tana ga wanda ya aiko shi da kuma yadda aka san shi a fadar da ya je.

Turawa ne suka raba wannan yanki gida biyu, kuma ba a Sakkwato ko Damagaram aka yi rabon ba. A 1890 Ingila da Faransa suka ja layi a takarda daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi. A 1898 suka gyara shi da wani zagaye mai nisan mil 100 daga birnin Sakkwato, sai Faransawa suka gano cewa abin da ya rage musu ba shi da hanya mai rijiyoyi tsakanin kogi da Damagaram. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo iyakar kudu, sannan daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa a ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ta kakkafa alamomi. Iyakar da ta fito, mai tsawon kimanin kilomita 1,500, ita ce yau ta haɗa jihohin Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Barno da jihohin Doso da Tawa da Maraɗi da Damagaram da Difa.

Daga nan magana ta hukuma ta koma zagaye mai nisa. Batun da ya taso tsakanin Jibiya da Maraɗi, idan ya girma, sai ya bi ta Legas da Landan a gefe guda, ya bi ta Dakar da Paris a ɗaya gefen. Turawan biyu ba su yarda da juna ba, amma duk lokacin da mutanen ƙasa suka tashi sukan haɗa kai. Ɗan Makaho, wanda ya tsero daga boren da aka yi wa Faransawa a ƙasar Zabarma, yana cikin jagororin boren da aka yi wa Ingilishi a Satiru, kusa da Sakkwato, a 1906. A lokacin da Kawsen, jagoran boren Abzinawa, ya yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas a ƙarshen 1916, Ingilishi sun tura sojoji daga Najeriya domin taimaka wa Faransawa. A yaƙin duniya na biyu kuma, daga 1940 zuwa ƙarshen 1942, gwamnatin Faransa ta Afirka ta Yamma tana ɓangaren gwamnatin Bishi mai haɗa kai da Jamus, Najeriya tana ɓangaren Ingila, iyakar ta zama ta abokan gaba. Akwai mataki ɗaya na wancan zamani da ya bar tabo mai ɗorewa, wato mayar da babban birnin Nijar daga Damagaram zuwa Yamai a 1926. Damagaram ba ta fi kilomita 250 daga Kano ba, kuma kusancinta da Najeriya yana cikin abubuwan da ba su kwanta wa Faransawa a rai ba.

Saboda haka da 'yanci ya zo, Nijar a ranar 3 ga Agusta, Najeriya a ranar 1 ga Oktoban 1960, sai aka buɗe jakadanci a birane biyu da suka yi wa mafi yawan mutanen iyaka nisa. Jakadan Nijar yana Legas a bakin teku, inda har zuwa 1963 Gwamna-Janar Nnamdi Azikiwe ke karɓar jakadu a madadin Sarauniyar Ingila. Jakadan Najeriya yana Yamai, can yamma, kimanin kilomita 900 daga Damagaram, fiye da 1,300 daga Difa, alhali tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba. Harshen aiki ma ya rabu. Jami'ai biyu da za su iya gaisawa da Hausa ko Kanuri ko Fulatanci, kowa ya tambayi iyalin ɗan'uwansa, idan aka zo rubutu sai ɗaya ya rubuta Faransanci ɗaya ya rubuta Ingilishi, a nemo mai fassara. Ko sunan muƙamin yana nuna gadon da kowa ya ci: wakilin Najeriya a Akara babban kwamishina ne saboda ƙungiyar ƙasashe renon Ingila, na Yamai kuwa jakada ne.

Hulɗar da ta fi tasiri a shekarun farko ta bi ta Kaduna da Kano ne, kuma ta jam'iyyu ce. Shugaban Nijar Hamani Diori na jam'iyyar RDA da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello na NPC sun ga maslaharsu ɗaya ce, domin kowannensu yana jingine da sarakuna kuma yana fuskantar 'yan adawa masu neman sauyi. A ɗaya gefen, jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta nemi a kaɗa ƙuri'ar a'a a zaɓen raba gardama na 1958 aka kuma haramta ta a 1959, tana da ƙawance da NEPU ta Malam Aminu Kano. Kalmar sawaba kanta taken NEPU ce tun 1950. 'Yan Sawaba da aka kora sun sami mafaka a garuruwan arewacin Najeriya, musamman Kano, kuma da suka ɗauki makami a 1964 da goyon bayan Ghana ta Nkrumah, wasu daga cikinsu ta iyakar Najeriya suka shiga. A Afrilun 1965 aka jefa wa Diori gurneti a filin idi a Yamai, ya tsira. Babbar buƙatar Yamai daga Najeriya a wannan lokaci ita ce a sa wa 'yan Sawaba ido, kuma masu ikon yin haka gwamnatin Jihar Arewa ce da 'yan dokan sarakuna, ba wani ofishi a Legas ba.

Yaƙin basasar Najeriya na 1967 zuwa 1970 shi ne ya ɗora hulɗar a kan tubalin da ta daɗe a kai. Diori yana da iyayen gida biyu a siyasar duniya, Faransa ta De Gaulle da Houphouët-Boigny na Kwaddebuwa, wanda ƙasashensu ke cikin ƙungiyar ƙawance ɗaya tun 1959. Kwaddebuwa ta amince da Biyafara a matsayin ƙasa a 1968, kamar yadda Tanzaniya da Gabon da Zambiya suka yi, Faransa kuma ta fito fili ta nuna goyon bayanta. Diori ya ƙi bin su, ya tsaya tare da gwamnatin tarayya. Yana cikin shugabanni shida na kwamitin da Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa a Kinshasa a 1967 a ƙarƙashin Sarki Haile Selassie, kuma a Yamai aka yi zaman Yulin 1968 wanda Gowon da Ojukwu kowannensu ya je ya gabatar da matsayinsa. Ba sai an nemi dalilin Diori a nesa ba. Ƙasar da ba ta da teku, wadda gyaɗarta da dabbobinta ke bi ta Kano, ba ta da ribar da za ta ci idan Najeriya ta wargaje. Amma tsayuwar ta buƙaci ƙarfin hali, kuma Legas ta riƙe masa wannan.

Sakamakon ya zo a Maris ɗin 1971, lokacin da Gowon da Diori suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta Najeriya da Nijar. A ganina wannan ita ce cibiya mafi muhimmanci a duk tarihin wakilcin ƙasashen biyu, ko da yake ba kasafai ake jin sunanta ba. Hedikwatarta tana Yamai, bisa al'ada ɗan Najeriya ne ke riƙe da muƙamin babban sakatare, kuma tana da hawa uku: shugabannin ƙasa a sama, majalisar ministoci a tsakiya, sakatariya da kwamitocin ƙwararru a ƙasa. Bambancinta da ofishin jakadanci shi ne jakada na ƙasa ɗaya ne yana kare muradinta a gidan wata, ita kuwa hukumar ta ƙasashen biyu ce, ma'aikatansu suna zaune ƙarƙashin rufi ɗaya suna aiki a kan hanyoyi da ruwa da kiwo da kasuwanci da alamomin iyaka. A wannan yanayi aka ja layin wutar lantarki daga Birnin Kebbi zuwa Yamai a shekarun 1970, bayan kammala madatsar ruwa ta Kainji, har aka kai lokacin da kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da Nijar ke sha daga Najeriya yake zuwa. Jami'an Najeriya sun sha bayyana cewa wutar ba sadaka ba ce, hanya ce ta hana a datse Kwara daga sama ruwa ya ragu a Kainji. A 1990 kuma aka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar rabon ruwan kogunan da suka ratsa iyaka, irin su Gulbin Maraɗi da Komadugu Yobe.

Juyin mulkin da Seyni Kountché ya yi wa Diori a Afrilun 1974 bai rushe wannan tsari ba, kuma a shekara mai bi ƙasashen biyu suka kasance cikin waɗanda suka kafa ECOWAS a Legas. Sai dai zumuncin yana da wani aibi da ya sha bayyana: idan Najeriya ta yanke shawara saboda matsalarta ta cikin gida, ba ta cika tsayawa jin ta bakin maƙwabciyarta ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, 'yan Nijar da yawa suna ciki. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai a 1986 a zamanin Babangida, kuma rufewar ta zo daidai da farin da ya cinye amfanin gona da dabbobi, har mutanen Nijar suka raɗa wa yunwar wannan shekara sunan Buhari. Bayan shekara 35, a Agustan 2019, shi ɗin dai a matsayin zaɓaɓɓen shugaba ya sake rufe iyakokin saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da man fetur, sai a Disambar 2020 aka buɗe Illela da Maigatari. A duk waɗannan lokuta akwai jakadu a kujerunsu, akwai hukumar haɗin gwiwa, amma ba a ga sun hana komai ba. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai kai tumaki kasuwar Maigatari da mai sayo gero a Dawanau.

Abin lura shi ne wannan Buharin ne kuma ya kai kusancin shugabanni ƙololuwa. Yamai ce ƙasar waje ta farko da ya ziyarta bayan rantsar da shi, a farkon Yunin 2015, watanni kaɗan bayan Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, sojojin Nijar da na Chadi kuma suka tsallako suka ƙwato Damasak. A Janairun 2019 gwamnonin Maraɗi da Damagaram suka halarci gangamin yaƙin neman zaɓensa a Kano, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a kudancin Najeriya amma bai ba mutumin Daura mamaki ba. A Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kimanin kilomita 284. Kafin zamaninsa ma haka abin yake. Shugaban Nijar Ibrahim Baré Maïnassara ya jingina da Abacha, kuma da Shugaba Tandja Mamadou ya nemi zarcewa a 2009, kalmar tazarce da magoya bayansa suka ɗauka daga siyasar zamanin Abacha aka aro ta. Da ECOWAS ta dakatar da Nijar a wannan shekara, Abdulsalami Abubakar aka naɗa mai shiga tsakani. Wato dai tun daga 1975 wani babban kaso na hulɗar ya koma ƙarƙashin inuwar ECOWAS, wadda hedikwatarta take Abuja kuma Najeriya ce ke ɗaukar mafi yawan nauyinta, sauran kuma ya rataya a kan jituwar mutum biyu da ke kan mulki.

A cikin wannan duka, wakilcin da ya fi kusa da jama'a shi ne ƙaramin ofishin jakadancin Nijar da ke Kano. Babban ofishin ya bi gwamnati zuwa Abuja bayan da aka mayar da babban birni can a Disambar 1991, amma 'yan kasuwa da ɗalibai da masu ci-rani suna Kano da kewayenta. Duk da haka mafi yawan masu tsallaka iyaka ba sa bi ta kowane ofishi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ɗauke musu biza, aure da dangantaka suka ɗauke sauran, idan rigima ta taso kuma sarkin zango ko shugaban 'yan kasuwa ko hakimin garin iyaka ake fara nema.

Juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ya kwance igiyoyin nan biyu, ta ECOWAS da ta jituwar shugabanni, lokaci guda. Bola Tinubu bai fi wata biyu a kan mulki ba, kuma shi ne shugaban ECOWAS a lokacin. A taron Abuja na 30 ga Yuli aka ba sojoji wa'adin kwana bakwai su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi, aka rufe iyaka, aka katse wutar lantarki. Daga wannan rana Yamai ta daina bambanta muryar ECOWAS da ta Najeriya, saboda haka duk wanda ya zo da takardar ɗaya an ɗauke shi ɗan saƙon ɗayar. A cikin gida kuwa Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da matakin soja a ranar 5 ga Agusta, sanatocin arewa da sarakuna da malamai suna tambayar yadda za a yaƙi Maraɗi ba a taɓa Katsina ba. Bayan ziyarar Sanusi, tawagar malamai a ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta gana da Tiani a ranar 12 ga Agusta, sannan a ranar 19 Abdulsalami ya koma, wannan karon ya ga Tiani ya kuma ga Bazoum. A ranar 25 ga watan aka ba jakadan Faransa sa'a 48 ya fice, wasu takardu kuma suka bazu a intanet suna cewa an kori na Najeriya da na Jamus da na Amurka, sai ma'aikatar harkokin wajen Nijar ta ce na bogi ne. Ko a tsakiyar fushi, Yamai ta bambanta Abuja da Paris.

Bai kamata a zuzuta rawar sarakuna da malamai fiye da yadda take ba. Sun buɗe ƙofa, sun sanyaya zukata, amma ba su da ikon ɗage takunkumi ko sa hannu a yarjejeniya, kuma Bazoum bai fito ba. A daidai lokacin da aka fi buƙatar wanda zai ɗora daga inda suka tsaya, a farkon Satumbar 2023, gwamnatin Tinubu ta janye jakadunta daga ƙasashen duniya, aka shafe fiye da shekara biyu ba a naɗa sababbi ba. Ba don Nijar aka yi hakan ba, amma a Yamai illar ta fi fitowa. ECOWAS ta ɗage takunkumi a ranar 24 ga Fabrairun 2024, aka buɗe iyaka a Maris, babban hafsan tsaron Najeriya na lokacin, Janar Christopher Musa, ya je Yamai a Agusta ya gana da takwaransa Janar Moussa Salaou Barmou. Duk da haka a Disamba gwamnatin Nijar ta kira mai riƙon ƙwaryar ofishin jakadancin Najeriya domin ƙorafi bayan wani hari da aka kai wa bututun man da ke zuwa Benin, kuma a ranar 25 ga watan Tiani ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa domin hargitsa ƙasarsa. Da Hausa ya yi wannan zargi a talabijin, da Hausa kuma mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya musanta shi a rediyo. Gwamnatoci biyu da ke rubuta wa juna da harsunan Turai sun koma yin gardama da harshen da mutanen iyaka ke ji, kowacce tana neman ta ja su gefenta, kuma irin maganar da jakada zai kai a asirce a kashe ta a ɗaki ta zama abin tattaunawa a kowace majalisar shayi daga Ƙonni zuwa Gaidam.

A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, shekara guda bayan sun sanar da ita. Ɓangarorin biyu sun ce jama'a za su ci gaba da zirga-zirga babu biza, sai dai a ɓangaren ECOWAS wannan sassauci ne na wucin gadi kafin a cimma sabon tsari. A ƙarshen Maris kuma Nijar ta sanar da janyewa daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Ma'anar wannan ga wakilci ita ce duk abin da aka saba warwarewa a zauren ECOWAS na tsawon shekara 50, daga takardun tafiya zuwa harajin kaya da hanyoyin makiyaya, yanzu ko dai a tattauna shi tsakanin ƙungiya da ƙungiya, ko ya dawo kan teburin ƙasashen biyu kai tsaye, inda babu abin dogaro sai ofisoshin jakadanci da tsohuwar hukumar Gowon da Diori. Da ministan harkokin wajen Najeriya Yusuf Maitama Tuggar ya je Yamai a ranar 16 ga Afrilun 2025 ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, abin da suka amince a kai shi ne a farfaɗo da wannan hukuma ta 1971, a bi ta cikinta a ci gaba da maganar tsaron iyaka da kasuwanni da wutar lantarki da layin dogon Kano zuwa Maraɗi.